Hajaratu Mai Waina da Tauraro Mai Wutsiya

Duk wanda ya ce maka ya san halin samaniyar Kumasi, kada ka yi musu da shi, ka dai bar shi ya shanya kayansa. Samaniya ce da za ta yi maka murmushi da hantsi, kafin ka ɗaura alwalar azahar ta juye maka tulu a ka. Mutanen Zango da suka zo daga arewa tuni suka sallama mata. Mutum ɗaya ce ta ƙi sallamawa, Hajaratu mai waina, Bagobira, wadda ta shekara goma a garin tana faɗa da gajimare kamar maƙwabcin da ya tare mata ƙofa.

Ba laifinta ba ne. Ubanta jagaban ayari ne, ta tashi a bayan jaki tsakanin Gobir da Gwanja, kuma tun ba ta iya ɗaura zane ba ya nuna mata taurari, Zara da Gamzaki da Kaza da 'ya'yanta. Ko da girma ya kama ta, in ta gama wanke tanda takan ɗaga kai ta nemi tsofaffin ƙawayenta. A Kumasi kuwa in itatuwa sun bar maka ɗan fili, gajimare zai zo ya toshe shi. Sai ta yi tsaki ta shige ɗaki.

A farkon damina, shekarar da masu lissafin Nasara ke ce wa 1910, fataken da suka koro shanu daga arewa suka zo da labari: wani tauraro mai wutsiya yana fitowa ta gabas kafin asuba. A Zango ba wanda ya gan shi, don tun da ruwa ya sauka sama take a rufe. Abin da ido bai gani ba kuwa, baki ne ke kiwonsa. A rumfar masu ɗaurin goro wutsiyar ta kai tsawon igiya. A bakin rijiya ta zama wuta. Kafin labarin ya shiga cikin gida wajen mata, an ce tauraron lashe ciki yake yi, duk mai juna biyun da haskensa ya taɓa sai dai ta yi haƙuri.

Wannan magana ita ta kwantar da Balki, 'yar Hajaratu, matar Munkaila mai ɗaurin goro. Gida ɗaya suke da uwar, ɗaki na kallon ɗaki. Sau biyu Balki tana ɓari, wannan na ukun ne ya tsaya har ya tsufa. Ranar da ta ji labarin ta rataya tabarma a taga, ta ja ƙyaure, ta daina leƙo tsakar gida. Abinci in an kai mata sai ta tsakura ta ture. Mace mai ciki ta koma sai idanu da wuya.

Hajaratu na gani, ga maganin kuma a bakinta. Ta taɓa ganin irin wannan tauraro a hanyar Salaga, kuma a lokacin cikin wannan Balkin take ɗauke da shi. To amma Balki 'yar fari ce. Tun da aka raɗa mata suna, sunan bai taɓa fita daga bakin uwar ba. “Waccan” take ce mata, ko “yarinyar nan”, in ta ji daɗi ta ce “mutuniyar ɗakin can”. Ba ta taɓa rungume ta a gaban mutane ba, balle ta zauna ta ba ta labarin yadda ta yi goyon cikinta. Haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi, kuma Hajaratu ba ta ga ranar da za ta kwance wa kanta zane a kasuwa ba.

Ta gwada hannunka-mai-sanda. Tana juya waina ta ɗaga murya tana gaya wa tanda cewa wasu dai sun ga tauraron da ya fi wannan, kuma ga su nan suna cin tuwo. Daga ɗakin can sai shessheƙar kuka ta ƙaru. Ta aiki Seini, wani tsohon Bazabarme mai gadin rumfar goro, abokin wasanta, wanda ba su taɓa gaisawa ba tare da sun taɓa juna da baki ba. Seini ya je ya dawo yana girgiza kai.

“Ta ce lallashi ne kawai, wai mun ga ta kusa mutuwa muna rufe ta da magana.”

Hajaratu ta ajiye cokalin juya waina ta ce, “To, gani ya kori ji. Zan nemo tauraron in san inda yake tsayawa, sannan in san yadda zan yi ta gan shi da idonta. Gobe kafin asuba ka shirya, Bazabarme.”

“Ni? Wa ya ce miki ina bin Gobirawa daji?”

“Ai dama ba ku da aiki sai binmu.”

Fitar farko gayya guda aka yi. Da aka ji Hajaratu za ta farautar tauraro, masu ɗaurin goro da mahauta da 'yan koli suka bi bayanta zuwa wani tudu a kan hanyar Tafo. Da suka baro Zango sama tas take, har Hajaratu ta fara nuna wa mutane taurari tana kiran sunayensu cike da murna. Suna taka gindin tudun sai wani farin gajimare ya taso daga kurmi a hankali, kamar mai jin kunya, ya shimfiɗa kansa daga gabas har yamma. Suka yi sallar asuba a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa suka juyo.

Fita ta biyu, sun samu gonar wani Batone, wato mutumin Asante, da ya sare kurmi ya bar fili. Wani mahauci ya bugi ƙirji ya ce ko ruwan duwatsu za a yi ba ya motsawa. In ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Tsawa ɗaya aka yi, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, mahaucin nan shi ya fara isa Zango, takalminsa ɗaya sai washegari aka tsinto masa.

Daga nan jama'a ta fara zubewa, har ya rage daga Hajaratu sai Seini. Wata asuba gajimare ya ɗan tsage, Seini ya daka tsalle yana ihu, “Ga shi! Wallahi ga shi!” Suka ƙura ido, ashe wutar wani manomi ce a kan tudun da ke can nesa. Hajaratu ta yi masa tatas tun daga nan har gida, shi kuma ya ce ai tsagen da ke fuskarta ne ya kori tauraron.

Zango kuwa ta samu abin dariya. Waina ta koma fitowa a makare, masu saye suna tsaye da akushi suna tambaya, “Inna Hajaratu, yau an kamo wutsiyar?” Wani ya ce ta tafi da igiya ko za a dace. Duk wannan bai dame ta ba. Abin da ke hana ta barci shi ne kwanon da take turawa ɗakin can da safe, ya dawo da yamma kamar yadda ya tafi. Munkaila, surukinta, yakan zo ya tsuguna nesa da ita, kai a sunkuye, ya ce wa ƙasa, “Inna, yau ma ba ta ci ba.” Ita kuma ta amsa wa murhu, “Allah na nan.”

Ana cikin haka wasu fataken suka iso, aka tambaye su labarin tauraro. Suka ce ai ya bar gabas tuni, yanzu bayan magariba yake fitowa ta yamma, kuma kullum ƙara ƙanƙancewa yake, alamar ya kama hanya. Hajaratu ta riƙe baki. Wato duk sammakon baya-bayan nan, ko da sama ta buɗe ba abin da za su gani. Ta ja Seini suka nufi ƙauyen Kwadaso da ke yammacin gari da la'asar. Hadari ya kore su, suka dawo tsamo-tsamo. Washegari Seini ya tashi da mura, ya aiko mata cewa ƙafafunsa sun yi murabus, ta nemi wani Bazabarmen.

A ranar ne, tana matse zane a bakin ƙofa, wani abu ya faɗo mata a rai. Duk ranar da ruwa ya koro su, in ta iso gida ta sake kaya ta leƙa waje, takan ga tauraro ɗaya ko biyu sun leƙo ta tsakanin rufin ɗakuna, kafin a jima su ɓace. A arewa, mai son ganin sama yakan zaɓi ranar da babu hadari. Shi ya sa take fita in gari ya yi wasai, ta gudo in ruwa ya sauko. Ashe a ƙasar kurmi sama ba ta buɗe fuska sai ta gama kukanta, kuma ba ta daɗewa a buɗe. Wanda ke so ya ga wani abu dole ruwan ya ƙare a kansa, yana zaune a kan tudu. Ta yi dariya ita kaɗai, ta ce wa sama, “Ashe ke ma sai an yi miki zaman haƙuri.”

Ba a daɗe ba ranar ta zo. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kwashe faya-fayai, mata na gudu suna tattara shanya. Hajaratu ta kife babbar ƙwarya a ka, ta ɗauki sandarta, ta tsaya daidai ƙofar Balki ta yi magana da ƙyaure.

“Ni dai na tafi tudun bayan turken shanu. Ba zan sauko ba sai na gan shi, ko da tsawa ce za ta sauko ta same ni.”

Ta san abin da take yi. Tudun ba shi da nisa da Zango, ya kuma kalli yamma. Ta kuma san cewa yarinyar da ita ba ta taɓa kiran sunanta ba ita ce kullum ke fara jin tarin uwarta ta bayan bango. Duk da haka tana tafiya tana roƙon Allah kada dabararta ta zama sanadin abin da ake gudu.

Ruwan da aka yi ran nan, tsofaffin Zango sun daɗe suna ba da labarinsa. Hajaratu ta zauna a kan dutse, ƙwarya na amsa duka a kanta, ruwa na bin bayanta yana fita ta ƙafa. Haƙoranta suka fara haɗuwa. Ta ji tsoro ƙwarai, ba ta kuma ɓoye wa kanta ba, amma duk walƙiyar da aka yi sai ta ɗaga ƙwaryar ta ce wa sama, “Zuba! Zuba ki gama, yau ina nan.” Da kiran magariba ya taso daga Zango ruwan ya koma yayyafi. Ta yi sallarta a cikin taɓo, ta koma kan dutsenta.

Can sai ga fitilar ƙwai tana hawowa. Seini ne a gaba yana tari yana tsine wa Gobir da duk wanda ya fito daga cikinta. Munkaila na baya da fitila. A tsakiyarsu ga Balki, ta lulluɓe kanta ruf da zane, ba ta kallon komai sai yatsun ƙafarta, hannu ɗaya tallafe da ciki. Munkaila yana hango surukarsa ya tuɓe takalmi a cikin taɓon nan ya tsuguna, don ruwa bai wanke surukuta ba.

Balki ta laluba ta kamo gefen zanen uwar. “Inna, don Allah don Annabi ki taso mu tafi. Kin jiƙe paa, sharkaf. In wani abu ya same ki, ni ina zan sa kaina?”

Idon Hajaratu na yamma. Gajimaren ya fara yagewa daga ƙasa, wani shuɗi mai tsabta ya buɗe, irin wanda rabonta da shi tun tana bin ayari. Taurari suka fito ɗaya bayan ɗaya. A tsakiyarsu ga shi nan, kai ƙasa, wutsiya ta miƙe sama, fari sol, shiru abinsa, kamar tsintsiyar laushi da aka jingine a bango. Babu wuta, babu hayaƙi. Seini ya manta da tarinsa ya ce, “La'ilaha illallahu.”

“Bazabarme, gaya wa mai fitila ya kashe ta,” in ji Hajaratu. Munkaila ya hure fitila tun kafin saƙon ya iso shi. Ta miƙe ta zagaya ta tsaya a gaban 'yarta, ta ba yamma baya.

“Ke, ɗaga kanki.”

Balki ta ƙara ƙanƙame zanen.

“Yarinyar nan, na ce ki ɗaga kai!”

“Ba zan iya ba, Inna. Zai lashe mini shi. Wannan kaɗai ya rage mini.”

Seini ya yi lallashi, Munkaila ya roƙa, Balki sai ƙara dunƙulewa take tana kuka. Hajaratu ta waiga. Wani baƙin gajimare ya taso daga kudu yana cin taurarin ɗaya-ɗaya, ya kusa kai ga bakin wutsiyar. Ta san in ya rufe, shi ke nan, tauraron zai tafi ya bar tsoronsa a ɗakin can. Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. To yau a daji suke. Ta ja numfashi, ta ji sunan ya taso mata daga can ƙasan ciki inda ya daɗe a ajiye.

“Balki!”

Zanen ya zame. Balki ta ɗago kai firgigit, baki a buɗe, ta manta da tauraro, ta manta da komai, tana neman bakin da wannan suna ya fito. Ta kalli fuskar uwarta. A bayan fuskar, daidai saman kafaɗa, ga tauraron yana tsaye.

Balki ta kalle shi, ta kalle shi, hannunta na kan ciki. Can ta ce a hankali, “Wannan ne?”

“Shi ne,” in ji Seini.

“Ɗan wannan?”

Hajaratu ta juya wajen Seini, don ta riga ta yi ta'asar da ta ishe ta a rana ɗaya. Ta ce, “Bazabarme, ka gaya wa mai tambaya, wannan jariri ne. Wanda na gani a hanyar Salaga ya ninka shi, har da rana ana hango shi. Kullum asuba sai na fito na kalle shi har na ƙoshi, kuma a lokacin ina ɗauke da nauyin wata mai taurin kai. In tauraro na lashe ciki, a tambaye ta yadda aka yi take tsaye a nan.”

Balki ta yi wata ƙara, kowa ya zabura. Sai ta kamo hannun uwar ta ɗora a kan cikinta, ba ta nemi izini ba. Abin da ke ciki yana ta shure-shure kamar ana bikinsa. Ta fashe da dariya hawaye na zuba. Hajaratu ba ta janye hannun ba. Murna ta cika ta har ta rasa inda za ta sa ta, sai ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗar da aka ji har cikin Zango. Munkaila ya miƙe daga tsugunno yana kabbara. Mutane suka fito da gudu suna tambayar ko lafiya, masu saurin ƙafa suka tarar da ƙarshen wutsiyar, masu nawa suka tarar da gajimare. Mahaucin nan na cikin masu nawa, ko da yake daga baya ya fi kowa iya kwatanta tauraron.

Suna saukowa Balki ta ce yunwa take ji. Hajaratu ta hura wuta da jiƙaƙƙen itace tana hawayen hayaƙi, ta ɗora tanda, ta soya waina da ƙullun da ta ajiye don gobe. Balki ta cinye ta nemi ƙari. Washegari masu saye suka zo da akushi ba su samu komai ba, amma ba wanda ya tambayi ko an kamo wutsiya.

Kafin damina ta janye Balki ta sauka lafiya, namiji ƙato, aka sa masa Iddi. Hajaratu ta ba duk wanda ya zo barka labarin ruwa da tsawa da tauraro, ba ta rage komai ba sai abu ɗaya. Wannan ɗayan kuwa Seini ya ɗauki nauyin yaɗa shi rumfa-rumfa, yana cewa shi da kunnensa ya ji Bagobira ta yi abin kunya.

Ranar suna da yamma, bayan baƙi sun watse, Hajaratu ta shiga ɗakin can da kwanon kunun kanwa ta ajiye, ta juya za ta fita. Balki ta riƙo gefen zanenta.

“Inna, ki sake kirana. Sau ɗaya kawai.”

Hajaratu ta tsaya a bakin ƙofa, ta ba ta baya don kada a ga fuskarta. Ta ɗaga kai. Samaniyar Kumasi ta koma halinta, a rufe ruf, har an fara yayyafi.

“Ke dai sha kununki,” in ji ta. “Ki bari sai tauraron ya sake fitowa.”